Tozalin Inna Kulu

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan naku a kan tabarma. Labarin da zan ba ku yau ba na dariya ba ne, kuma in na kai ƙarshe ba ni zan raba gardamar ba, ku za ku raba ta.

A gindin wasu duwatsu akwai wani ƙauye, Tungar Maje, inda aka yi wata tsohuwa mai suna Inna Kulu. Sana'arta niƙa tozali, kuma duk yankin an san hannunta. Ba a kai amarya ɗaki sai da tandun tozalinta, ba a fito da jariri ranar suna sai an zizara masa nata a ido. A da wurin fatake take sayen dutsen, ɗan guntu kamar goro, ta niƙa shi a kan wani ƙaramin dutse da ta ware masa, ya kai ta wata da watanni.

'Ya'yanta huɗu. Shekarau ne ɗan fari, wanda ko sunansa ba ta kamawa saboda kunya, sai dai ta ce “Babba”. Tasallah ke bi masa, malama ce mai koyar da kimiyyar sinadarai a wata makarantar 'yan mata a birni. Sai Hurera, ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin garin da ke kusa da su. Autan shi ne Nomau, wanda matarsa ta rasu wurin haihuwa ta bar masa 'yar jaririya, Zulai, a hannun kakarta.

Shekarar da zazzaɓin neman zinariya ya kama ƙauyen, Shekarau da Nomau suka haƙa nasu ramin a bayan dutse. Zinariyar ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ramin ya yi ta amayowa shi ne wani dutse mai launin toka, mai sheƙi kamar madubi, mai nauyin da ya fi girmansa, wanda in aka buge shi sai ya farfashe gida-gida kamar an yanka da wuƙa. Da Shekarau ya kawo wa uwarsa buhu guda, sai ta yi guɗa a tsakar gida. Tozali ne, irin wanda ba ta taɓa ganin mai kyansa ba, ga shi kyauta. Ƙaramin dutsenta ya yi wa aikin kaɗan, sai ta koma kan babban dutsen niƙan gidan, wanda ta gada daga uwarta, wanda tsakiyarsa ya lotsa kamar akushi. Da hantsi ta niƙa tozali, ta share da tsumma, da la'asar ta niƙa geron kunu. Nomau kuwa a gefenta yake daka sauran duwatsun a turmi yana neman ƙwayar zinariya, ƙura tana tashi tana sauka a kan kowa da komai.

Kaji ne suka fara. Sai ka ga kaza ta tsaya cik a tsakar gida, kai a karkace, tana kallon wuri ɗaya har ta faɗi. Akuyar gidan ta kama zagaye turke ba ta tsayawa. Tsuntsayen da ke cika darbejiyar tsakar gida da surutu suka ɗauke ƙafa, gidan ya yi tsit, irin shirun da ke sa mutum ya waiwaya ko da ya san babu kowa a bayansa. Daga nan sai Nomau. Ciki ya murɗe shi, hannunsa na dama ya saki daga wuyan hannu yana reto, wani baƙin layi ya fito masa a dasashi kamar an ja da alƙalami. Ya koma magana da bango. Kafin damina ta faɗi aka kai shi makwancinsa, mutanen gari kuma suka ce aljanin ramin ne ya sa masa alama ya karɓi abinsa.

Inna Kulu ta yi kukanta ta share, ta rungumi Zulai, wadda a lokacin ta shiga shekara ta uku. Yarinya ce mai baki kamar kanari, kullum suna tsokanar juna da kakarta. Sai surutun ya fara raguwa. Ta daina waƙa, ta daina cin tuwo, sai a same ta a lungu tana ƙwaƙular ƙasar bango tana ci. Wata rana da rana tsaka, lokacin da inuwa ke shigewa ƙarƙashin ƙafar mutum kuma ba a son yara su fita, Inna ta ga yarinyar tsaye tana fuskantar ƙofar zaure, idanu a buɗe ba ƙiftawa.

Zulai ta ce, “Inna, ga Baba can. Ya ce in zo.”

Tsohuwa ta duba. Babu komai a ƙofar sai zafin rana da ke rawa a kan ƙasa. Tsoro ya kama ta har cikin ƙashi, ta sure yarinyar ta shige ɗaki, ta yi abin da uwarta ta koya mata: idon da ya fara ganin abin da bai kamata ba, tozali ake cika masa don ya zama labule. Ta rambaɗa mata, sama da ƙasa, har da ɗigo a goshi. Yarinya ta murje ido da hannu, ta sa hannun a baki. Gobe ta sake ganin Baba, Inna ta ƙara tozali. Kun ga yadda abin yake tafiya: ciwo yana ƙaruwa, tozali yana ƙaruwa, kuma kowane zizara da ƙauna aka yi shi.

To, ga abin da Tasallah ta yi. Da labari ya iske ta a birni, sai ta taho da wasu 'yan kwalabe daga ɗakin gwajin makarantarsu, a naɗe cikin zane. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta durƙusa gaban dutsen niƙa, ta kankaro abin da ya maƙale a lotsawarsa, daidai inda geron kunu ke kwanciya, ta zuba a kofin gilashi, ta tsiyaya masa ruwan asid. Ta tace, ruwan ya fito garau kamar na rijiya. Sai ta ɗauko wata kwalbar, ita ma ruwanta garau, ta ɗiga a ciki. Inna tana tsaye tana kallo, ruwa biyu marasa launi suka haɗu, sai ga rawaya ta ɓullo a tsakiyar kofin kamar gwaiduwar ƙwai, tana buɗewa, tana sauka ƙasa a hankali. Tsohuwa ta ja da baya tana neman tsari.

Tasallah ta ce, “Inna, ba sihiri ba ne. Dalma ce. Ita ce ke kiran Zulai.”

Ta zaunar da uwarta ta yi mata bayani da irin maganar da za ta shiga. Ta ce duk abin da ke duniya, dutse da ruwa da naman jikinmu, an gina shi da ƙwayoyin zarra, ƙanana ƙwarai har ido ba ya ganinsu, kuma yawancinsu ba sa zama su kaɗai. Kowace tana da wasu 'yan ƙananan abubuwa masu ɗauke da lantarki da ke kewaye ta, wata ta bayar da nata, wata ta karɓa. Wadda ta bayar ko ta karɓa ba ta sake zama daidai, sai ta koma mai jan abokiyar riƙo, ita ake kira ayon. A cikin dutsen nan mai sheƙi, kowace ƙwayar dalma ta ba ƙwayar farar wuta guda biyu, suka riƙe juna gam, shi ya sa dutsen ya yi ta barcinsa a ƙarƙashin ƙasa tun kafin a haifi kakanni bai cuci kowa ba. Amma in aka niƙe shi ya yi laushi, ya shiga ciki, ruwan tsamin da ke cikin mutum sai ya kwance riƙon. Dalmar ta fito ita kaɗai ta bi jini tana neman abin kamawa. Jiki kuwa yana da wani ayon da yake maraba da shi, kalsiyam, mai gina ƙashi da isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, kuma shi ma biyu ya bayar. Sai jiki ya ɗauka ɗan gida ne, ya buɗe wa baƙuwar ƙofa, ta shige ƙashi da ƙwaƙwalwa ta zauna a wurin da ba nata ba.

Tasallah ta ɗauka Inna Kulu ba ta gane ba. Ta gane sarai. Ta dubi dutsen niƙa, ta dubi kwanon da Nomau ke shan kunu, ta ce, “Wato ni ce.” Nan baƙin ciki ya juye ya zama fushi, don ya fi sauƙin ɗauka. Tsohuwa ta ce wa 'yarta ta fita mata daga gida, ta ce boko ne ya sa ta zo ta ɗora wa uwarta jinin ƙaninta, ta ce kada ta sake taka ƙofar nan. Ku da kuka san nauyin bakin uwa kun san abin da Tasallah ta ɗauka a ka ranar. Ta fita tana kuka, amma da tandun tozalin a hannunta, kuma ba ta koma birni ba sai da ta bi gidajen ƙauyen ɗaya bayan ɗaya tana roƙon mata su wanke idanun jariransu, wasu na saurara, wasu na rufe mata ƙofa. Sai dai in za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka. Tun ranar zaman makokin Nomau Tasallah ta ɗaga dutsen nan mai sheƙi ta ji nauyinsa, zuciyarta ta raya mata, ta yi shiru don ba ta son ƙara wa uwa ciwo a kan ciwo. Wannan shirun ya ci wata biyu na kunu.

Ga kuma abin da Hurera ta yi. Kashegari da rana tsaka Zulai ta sake miƙewa ta nufi ƙofar zaure, ta ɗaga hannu kamar mai jiran a ɗauke ta, sai ta faɗi tana sanƙarewa, ido ya kafe, kumfa a baki. Maƙwabta suka cika gida, wannan na neman garwashin hayaƙi, wancan na neman cokalin ɗura. Hurera, wadda yayarta ta biya ta asibiti ta nuna mata kofin rawayar nan, ta shigo daidai lokacin, ta ture kowa, ta kwantar da yarinyar a gefenta, ta hana a sa mata komai a baki. Ta goya ta, ta hau bayan babur, Inna a wani babur ɗin a baya. A tsakiyar daji, inda babu gida babu mai wucewa, Hurera ta ji jikin da ke bayanta ya saki. Ta sa aka tsaya, ta shimfiɗe yarinyar a kan ƙasa, ta sa bakinta a nata tana hura mata numfashi. Inna tana tsaye ta riga ta fara salati irin na wanda ya sallama. Hurera ba ta ɗaga kai ba, ta yi ta hurawa har ƙirjin nan ƙarami ya motsa da kansa.

A babban asibitin birni ta tsaya kai da fata sai an auna dalma a jinin yarinyar, aka auna, aka samu abin da ya sa likitan ya cire tabarau. Maganin ba kowane wuri ake samunsa ba, Hurera ta yi ta buga waya tana bin tsoffin abokan karatunta har aka aiko shi daga wani gari mai nisa. Da aka buɗe kwalbar sai wari ya tashi kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, Inna ta toshe hanci ta ce wannan ai warin ramin ne. Hurera ta ce kusan haka ne, don maganin yana da hannaye biyu na farar wuta, kuma dalma ba ta da abin da take so ta riƙe kamar farar wuta. In suka haɗu a jini sai hannayen su cafke ta ta gefe biyu, ta kasa kama komai na jiki, su fice tare ta fitsari. Makonni Hurera ta yi a bakin gadon nan, tana ba da magani a kan lokaci, tana lura kada ya kwashe har da sinadaran da jiki ke buƙata. Wurin aikinta suka gaji da jira suka ba wata gurbinta, ba ta ko je ba da haƙuri ba. Amma ita ma da nata tabon. Tun farkon ciwon ita ce ta yi ta yi wa yarinyar allurar zazzaɓin cizon sauro, kuma da aka ce mata kaji suna mutuwa a gidan, dariya ta yi ta ce ita ba likitar kaji ba ce.

Zulai ta farfaɗo, ta nemi tuwo, ta ma tsokani kakarta. Aka dawo da ita gida ana murna. An jefar da tozali, an daina niƙa, kowa ya ɗauka an gama. Ba a yi nisa ba sai Inna ta fito daga madafa da rana tsaka ta tarar da yarinyar tsaye tana fuskantar zaure.

Ta ce, “Ya dawo, Inna. Yanzu ya shigo ciki.”

A nan Shekarau ya shigo labarin. Shi ba mai yawan magana ba ne, tun rasuwar ƙaninsa ma ya ƙara zama bebe. Ya je birni da kansa ya sami Tasallah, wadda har lokacin ba ta da izinin shiga gidan, ya tambaye ta abu ɗaya: ina dalmar ta ɓuya? Ta ce masa ƙwayar zarra ba ta mutuwa, ba ta ruɓewa, wuta ba ta cinye ta, wuri kawai take sauyawa. Tana cikin ƙasar tsakar gida, tana cikin yaɓen bangon da yarinyar ke ƙwaƙula, tana cikin turmi da dutsen niƙa. Magani zai fitar da ta jini, gida ya mayar da sabuwa.

Ya dawo ya kwashe uwarsa da yarinyar ya kai su wurin Hurera, inda aka sake sabon zagayen magani. Ya nemi masu taya shi, babu wanda ya yarda ya shiga gidan da ake cewa matacce na yawo a ciki. Shi kaɗai ya yi aikin. Ya yayyafa ruwa, ya kankare ƙasar tsakar gidan kusan taƙi guda, ɗaki bayan ɗaki, ya ɓamɓare yaɓen bango, ya rushe ɗakin da mahaifinsu ya gina da hannunsa, inda Nomau ya yi jinya. Ya yi ta jida a ka yana kaiwa bayan dutse. Ramin nan nasa, wanda shi ne abincinsa da na iyalinsa, kuma a daidai lokacin ya fara nuna jijiyar zinariya ta gaske, shi ya shafe da yumɓu ya mayar da shi kabarin ƙasar. Ya jefa turmi, ya jefa buhunan dutsen. Na ƙarshe ya ciccibi dutsen niƙan kakarsu, ya ce daga baya ya ji kamar gawa ya ɗauka, ya sake shi ciki, ya rufe bakin ramin ya danne da duwatsu. Ya ɗebo sabuwar ƙasa daga bakin rafi ya daɓe gidan, ya yi sabon yaɓe. Kafin ya gama, yatsunsa na dama sun daina riƙe ƙota yadda ya kamata, kuma har yau ba su dawo ba. Tabonsa kuwa kun riga kun san shi: shi ya ɗauko buhun farko ya ajiye a gaban uwarsa, kuma bayan ya ga abin da ya sami Nomau bai daina haƙa ba sai da abin ya kai ga yarinyar.

Aka dawo da Zulai. Rana ta take tsaka, Inna ta laɓe a bakin ɗaki tana leƙe. Yarinyar ta dubi ƙofar zaure, ta kau da kai, ta ci gaba da wasanta da gwangwani.

A ranar Inna Kulu ta aika aka kira Tasallah. Ba ta iya dogon neman gafara ba, ta dai kama hannun 'yarta ta riƙe, ta ce ta janye abin da ta faɗa. Sai ta tara su ukun a ƙarƙashin darbejiya. Ta ce an gaya mata dalmar da ta shige ƙashi ba ta fita gaba ɗaya, za ta yi ta tsattsafowa cikin jini kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, saboda haka yarinyar tana buƙatar gida ɗaya da ido ɗaya da ba ya gajiya har ta girma. Ta ɗaga hannayenta, waɗanda baƙin tozali ya riga ya zauna a layukan tafinsu, ta ce, “Waɗannan sun so ta, kuma su suka kusa kai ta kabari. Ban ƙara yarda da su ba. Ɗayanku zai riƙe ta.”

Dukansu uku suka ce suna so, kuma babu wanda ya yarda ya janye. Tsohuwa ta bi su da ido. Ba don Tasallah ba, da har yau ana ƙara tozali, kuma da babu wanda ya san abin da za a nema a jini. Ba don Hurera ba, da an binne yarinyar a gefen hanya da sanin sunan ciwonta a banza. Ba don Shekarau ba, da magani ya yi ta fitarwa gida yana mayarwa har jikin ya gaji. Ɗaya ta ɗauki bakin uwa, ɗaya ta rasa aikinta, ɗaya ya binne arzikinsa ya bar hannunsa a wurin. Kuma kowannensu ya taɓa ganin alama ya kau da kai.

Inna Kulu ta ɗauko Zulai ta miƙe tsaye da ita a hannu, su ukun suna zaune a gabanta. A nan zan bar ta, don ni ma tun da na ji labarin ban iya ƙarasa mata takun ba. To, ku da kuka ji komai, mai kyau da marar kyau, ku gaya mini: a cinyar wa ya kamata ta ajiye yarinyar nan?